Zakariya Paliashvili (1871-1933)

An haifi Zakariya Paliashvili a garin Kutaisi na ƙasar Jojiya a shekarar 1871, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin daular Rasha. Tun yana yaro ya fara rera waƙa a majami'ar Katolika. Daga 1900 zuwa 1903 ya yi karatun ilimin kiɗa a Mosko, a hannun Sergei Taneyev.

Da ya komo gida, sai ya shiga ƙauyuka, har da na tsaunukan Svaneti, yana sauraren waƙoƙin baka, yana rubuta karinsu don kada su salwanta. A kan wannan gado ya gina opera, wato wasan kwaikwayon da ake gabatarwa cikin waƙa da kiɗa. Fitattun ayyukansa su ne Abesalom da Eteri (1919), wanda ya samo asali daga hikayar soyayyar ɗan sarki da wata marainiya, da Daisi (1923), da kuma Latavra (1928).

Ya rasu a birnin Tbilisi a 1933. A 2004 aka tsara karin taken ƙasar Jojiya daga ayyukansa biyu na farko, abin da ya tabbatar da matsayinsa na jigon kiɗan al'ummarsa.