George Müller, Mai Kiwon Marayu

An haifi George Müller a ƙasar Jamus a 1805. Da ƙuruciyarsa ɓarawo ne, har aka jefa shi kurkuku yana ɗan shekara 16, amma ya tuba a 1825. A 1836 ya buɗe gidan marayu a Bristol ta Ingila, ba shi kuwa da dukiya. Bai roƙi kowa kuɗi ba, gama ya ƙudura a ransa Allah kaɗai za ya kai wa kukansa, domin mutane su ga alkawaran Ubangiji tabbatattu ne. Sau da yawa gari ya kan waye babu ko kwabo a hannu, taimako kuwa ya iso kafin yaran su ji yunwa. Marayu fiye da 10,000 ya goya kafin rasuwarsa a 1898.