KEN SARO-WIWA: MUTUMIN DA YA TSAYA WA RUWAN OGONI

A wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin wani mutum wanda duk ɗan Arewan da ya zauna Fatakwal ya ji sunansa, ko da bai san abin da ya yi ba. Shi ne marigayi Kenule Saro-Wiwa, wanda aka fi sani da Ken, ɗan ƙabilar Ogoni ta Jihar Ribas, marubuci, ɗan kasuwa, tsohon kwamishina, wanda gwamnatin soja ta rataye cikin 1995. Mutane da yawa sun ɗauka rigimarsa ta kuɗin mai ce kurum. Ba shakka akwai maganar kuɗi a ciki, amma tushen abin shi ne ruwa da ƙasar noma.

Kafin mu shiga labarinsa ya kamata a san ƙasar tukuna. Ƙasar Ogoni tana gabas da Fatakwal, faɗinta kamar murabba'in kilomita 1,000 ne, ƙananan hukumomi huɗu ne: Khana, Gokana, Tai da Eleme. A zamanin da muke magana mutanenta kamar rabin miliyan ne. Sana'arsu noma da su. A tudu suna shuka doya da rogo da kwakwar manja, a gangare kuwa sai ƙoramu da mashigan ruwa waɗanda teku ke cikawa ta janye sau biyu kowace rana. Bakin waɗannan ƙoramu cike yake da wasu itatuwa masu tsirowa cikin taɓo da ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu. A gindinsu kifi ke ƙyanƙyasa, a nan mata ke tsintar dodon koɗi da ƙaguwa da jatan lande su ci su sayar. Wanda ya tashi a fadamun Haɗeja da Nguru, ko a bakin gulbi a Argungu ko Yawuri, ba sai an yi masa dogon bayani ba: in ruwa ya mutu, gari ya mutu. Kuma ruwan Kwara da na Binuwai da suka ratso ƙasashenmu, a wannan yanki na Neja Delta suke faɗawa teku.

An haifi Ken a garin Bori ran 10 ga Oktoba, 1941. Mahaifinsa Cif Jim Wiwa, mutumin ƙauyen Bane ne. Yaron ya yi ƙwazo a makaranta, ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, daga nan ya wuce Jami'ar Badun inda ya karanta Turanci, ya gama cikin 1965. Yana makarantar Umuahia aka sami mai a Oloibiri cikin 1956, bayan shekara biyu kuma, wato 1958, kamfanin Shell ya same shi a Bomu cikin ƙasar Ogoni. Watau shi da rijiyoyin nan kusan tare suka girma.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Ken yana koyarwa a jami'ar Nsukka. Bai yarda da Biyafara ba, don yana ganin ƙananan ƙabilu irin tasa ba su da rabo a cikinta, sai ya tsallako ɓangaren Gwamnatin Tarayya. Aka ɗora shi kan mulkin garin Bonny, tashar da ake lodin ɗanyen mai zuwa ƙasashen waje, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Daga baya ya zama kwamishina a sabuwar Jihar Ribas ƙarƙashin Gwamna Diete-Spiff, har ya riƙe Ma'aikatar Ilmi. Cikin 1973 aka sallame shi, saboda bakinsa ba ya shiru kan haƙƙin Ogoni. Yana da kyau masu karatu su riƙe wannan: mutumin da aka kashe daga baya kamar maƙiyin ƙasa, shi ne ya tsaya wa haɗin kan Nijeriya sa'ad da tsayawar ke da haɗari.

Bayan barin aikin gwamnati ya shiga kasuwanci, ya buɗe kantuna, ya sayi gidaje, ya yi arziki daidai gwargwado. Sa'an nan ya juya ga rubutu. Littafinsa Sozaboy, labarin wani yaro ɗan ƙauye da ya shiga soja bai san abin da ake yaƙi a kai ba, ya fito a 1985. Amma abin da ya kai sunansa kowane gida shi ne wasan telebijin Basi and Company, labarin wani ɗan buge-buge a Ikko wanda kullum yake mafarkin zama miloniya ba tare da gumi ba. Waɗanda ke Ikko a ƙarshen shekarun 1980 za su tuna yadda ake cika gaban akwati dominsa. Gajere ne, mai barkwanci, lofe kullum a baki. Janar Babangida ya taɓa naɗa shi cikin shugabannin hukumar MAMSER a 1987, bai daɗe ba ya ajiye.

To, duk wannan lokaci me ke faruwa a gida? Bututun mai an shimfiɗa su a fili, suna ratsa gonaki, wasu ta ƙofar gidajen mutane. In ɗaya ya tsufa ya fashe, ɗanyen mai ya kwarara cikin ƙorama, igiyar teku ta ɗauke shi ta shafe saiwoyin itatuwan nan da shi, itatuwan su bushe, kifi ya mutu ko ya gudu. Cikin 1970 wata rijiya ta fashe a Bomu, ta yi makonni tana aman mai bisa gonaki da rafuka. Ga kuma iskar gas da ake ƙonawa dare da rana kusa da ƙauyuka. Mai na fita, kuɗi na shiga aljihun gwamnati da na kamfani, amma yawancin ƙauyukan ba lantarki, ba famfo, ba asibitin kirki. Kason da ake mayar wa yankin da aka haƙo arziki, wanda ya kai kashi 50 cikin ɗari a Jamhuriya ta Farko, ya yi ta zaizayewa har ya koma kashi ɗaya da rabi cikin shekarun 1980.

Cikin 1990 Ken da dattawan Ogoni suka rubuta takardar haƙƙoƙin jama'arsu suka miƙa wa gwamnati, suka kuma kafa ƙungiyar ceton Ogoni wadda aka sani da MOSOP. Dokta Garrick Leton ne shugabanta na farko, Ken kuwa kakaki. Abin da suka nema shi ne ikon tafiyar da al'amuransu a cikin Nijeriya, da rabo mai ma'ana daga man da ke ƙasarsu, da kare ruwansu da gonakinsu daga ɓarna. Ba su nemi ɓallewa ba.

A nan ne gwanintar mutumin ta fito. Bai bar maganar a hannun 'yan boko ba. Ya bi ƙauye ƙauye yana bayani da harshensu, aka kafa reshen mata, da na matasa, da na malaman makaranta, da na coci-coci, da na sarakuna. Aka yi asusu, kowane ɗan Ogoni, babba da yaro, ya jefa naira guda, don kowa ya san da shi ake tafiyar. A waje kuma ya je Janeba cikin 1992 ya kai kuka gaban wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ɗauki hotunan ɓarnar ya nuna wa ƙungiyoyin kare muhalli na Turai da Amurka. A ƙarshen 1992 MOSOP ta rubuta wa Shell da Chevron da NNPC tana neman dala biliyan 10, shida na kason mai, huɗu na diyyar ɓarna. Da ba a kula su ba, ran 4 ga Janairu, 1993, mutum wajen 300,000 suka fito zanga-zanga riƙe da ganyaye, fiye da rabin ƙabilar ke nan, ba a fasa kan kowa ba. A cikin shekarar Shell ta janye ma'aikatanta, kuma ba ta sake haƙo mai a Ogoni ba.

Daga nan al'amari ya fara ɓaci. A watan Afrilu sojoji suka harbi manoman da suka hana a ratsa gonakinsu da sabon bututu a Biara. Sai kuma rabuwar kai a cikin gida: Ken ya nace a ƙaurace wa zaɓen 12 ga Yuni, Leton da Cif Edward Kobani ba su yarda ba, suka sauka daga muƙamansu, shugabanci ya koma hannun Ken. Aka tsare shi wata guda da kwana ɗaya, abin da ya zama sunan littafinsa A Month and a Day. An kai wa ƙauyukan Ogoni hare-hare an kashe mutane da dama. Gwamnati ta ce faɗan ƙabilanci ne da maƙwabtansu Andoni, MOSOP ta ce da hannun soja. Bayan Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a Nuwamba 1993, aka girke runduna ta musamman a yankin ƙarƙashin Manjo Paul Okuntimo.

Ran 21 ga Mayu, 1994, wasu gungun matasa suka auka wa wani taro a Giokoo ta ƙasar Gokana, suka kashe dattawa huɗu: Edward Kobani, Albert Badey, Samuel Orage da Theophilus Orage. Wannan mugun aiki ne, kuma masu ba da labarin Ken sukan wuce shi da sauri, alhali su ma huɗun nan 'yan Ogoni ne masu iyali. Masu sukarsa sun ce zafin maganganunsa ne ya sa matasa suka ɗauki dattawan a matsayin maciya amana, kuma akwai abin dubawa a nan. Amma fa zafin baki daban, ba da umurnin kisa daban. A ranar ma jami'an tsaro sun tare shi a hanya sun mayar da shi Fatakwal, bai je wurin ba. Duk da haka aka kama shi.

Ya shafe watanni a tsare kafin a gurfanar da shi gaban kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Ibrahim Auta, da hafsan soja guda cikin alƙalan, ba kuma damar ɗaukaka ƙara. Lauyoyinsa, Cif Gani Fawehinmi na gaba, suka janye don sun ga an riga an yanke hukunci. Shaidu biyu sun rantse daga baya cewa sayensu aka yi. Shell ta musanta cewa da hannunta. Yana tsare aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 1994 da ta Goldman a 1995. A ƙarshen Oktoba 1995 aka yanke masa hukuncin kisa, majalisar mulkin soja ta tabbatar ran 8 ga Nuwamba, ran Juma'a 10 ga wata aka rataye shi a kurkukun Fatakwal tare da mutum takwas: Saturday Dobee, Nordu Eawo, Daniel Gbooko, Paul Levera, Felix Nuate, Baribor Bera, Barinem Kiobel da John Kpuinen. Yana da shekara 54. Shugabannin ƙasashe renon Ingila suna taro a Auckland a lokacin, Nelson Mandela na cikinsu, nan take suka dakatar da Nijeriya, ba ta koma ba sai 1999.

Shin gaskiya ya faɗa game da ruwan? Amsa ta zo bayan shekara 16. Cikin Agusta 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a Ogoni. A Nisisioken Ogale ta tarar mutane na shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, mai haddasa ciwon daji, ninki 900 bisa abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi. Ta ce gyaran ƙasar zai ci shekara 25 zuwa 30, a fara da dala biliyan ɗaya. Kafin nan, cikin 2009, Shell ta biya dala miliyan 15.5 a wata ƙara da iyalan suka shigar a New York, ba tare da ta amsa laifi ba. Cikin 2015 ta yarda ta biya masuntan Bodo fam miliyan 55 saboda malalar mai ta 2008 da 2009. A Bodo ɗin ne Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da aikin tsabtace Ogoni a Yuni 2016, aikin da aka yi ta kuka da jinkirinsa. Kason yankunan mai kuwa tsarin mulkin 1999 ya ɗaga shi zuwa aƙalla kashi 13.

Ran 12 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da afuwa ga Ken da sauran takwas ɗin, ya kuma ba su lambobin girmamawa na ƙasa. Iyalansu da 'yan MOSOP da yawa sun yi maraba da girmamawar, amma sun ce afuwa ta mai laifi ce, abin da suke nema shi ne a wanke sunayensu sarai.