Abraham de Moivre: ɗan gudun hijirar da lissafinsa ya iso kasuwar albasa

Ɗan uwa, ka taɓa lura da yadda dillali a Aliero ko Jega ke ɗibar 'yan albasa ya duba, sannan ya yi wa buhu gaba ɗaya kuɗi? To wannan dabara tana da lissafi, kuma Abraham de Moivre na cikin waɗanda suka aza tubalinsa.

An haife shi a Faransa a 1667. Da aka takura wa 'yan Furotesta daga 1685, sai ya yi hijira zuwa Landan. Duk da abotarsa da Isaac Newton, bai taɓa samun kujerar farfesa ba. Gida-gida yake bi yana koyarwa, yana kuma yi wa 'yan caca lissafi a shagon gahawa.

A 1733 ya nuna cewa in aka yi ta jefa kwandala, sakamakon yakan taru a tsakiya ya sirance a gefe, kamar tsibin gero. Daga baya Laplace ya faɗaɗa aikin.

Ga amfaninsa: a ce ɗaya cikin goma na albasa ya ruɓe. Ka cakuɗa ka ɗebi 100, kusan kullum ruɓaɓɓu za su faɗo tsakanin 4 da 16. Ka ɗebi biyar kacal, ko daga saman buhu kawai, wallahi sai ka tafka asara.

Ya rasu cikin talauci a 1754, yana da shekara 87. In an ce maka "kowa ya yarda", tambaya tukuna: mutum nawa aka ji?