Shehu Laminu na Barno

An haifi Muhammadu Al'amin Alkanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, a ƙasar Fezan wajen shekarar 1776. Ubansa mutumin Kanem ne, uwarsa kuwa Balarabiya. Ya yi karatu mai zurfi, ya je Makka, sa'an nan ya zo ya zauna a Barno yana koyarwa.

A shekarar 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Gazargamu, babban birnin Barno. Mai Dunama ya rasa mafita, sai ya aika wa malamin nan. Shehu Laminu ya tara jama'arsa, Kanumbu da Shuwa, suka ƙwato birnin.

Amma ba da takobi kaɗai ya yi faɗa ba, har da alƙalami. Ya rubuta wa shugabannin jihadi yana tambayar dalilin yaƙar mutanen da suke salla da azumi, domin a ganinsa saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Muhammadu Bello ya mayar da amsa cewa Barno ce ta taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu. Ko wanne malami ne, ba wanda ya sakar wa wani. Bello bai ɓoye hujjar abokin gabarsa ba, ya sa ta cikin littafinsa Infaƙul Maisuri.

Shehu Laminu ya gina Kukawa a 1814. A 1827 ya nufo Kano da yaƙi, Yakubu Sarkin Bauchi ya tare shi, ya mayar da shi gida. Haɗeja da Katagum suka tsaya wajen Sakkwato, Gumel kuwa wajen Barno. Ya rasu a 1837, ɗansa Umaru ya gaje shi.