Magajin Keffi Ɗan Yamusa, Baƙon Sarkin Kano Alu

A wannan fitowa na zaɓi in kawo tarihin mutumin da muka sha haɗuwa da sunansa a darasin tarihi, amma a layi ɗaya tak, wato Magajin Keffi Ɗan Yamusa.

Magaji ba shi ne Sarkin Keffi ba. Wakilin Sarkin Zazzau ne a garin, shi ke tara haraji ya aika Zariya, amma ƙarfinsa ya kai inda sarkin garin kansa ke shakkarsa. Mayaƙi ne na gaske, kuma gaskiya ɗaya ce, da yawan dukiyarsa daga harin bayi ta fito. Ban ga dalilin ɓoye wannan ba don muna ƙaunarsa.

A shekarar 1902 Gwamna Lugga ya tura Kyaftin Maloni ya zama Razdan a Keffi. Ranar 3 ga Oktoba, Maloni ya zauna a ƙofar fada ya aika Magaji ya fito ya yi mubaya'a. Tsakaninsu akwai tafinta, Audu Tintin, wanda masu ba da labari suka ɗora wa laifin juya magana da tsoratar da Magaji cewa kama shi za a yi. Tsoron kuwa yana da tushe, don ba a daɗe da kama ubangidansa Sarkin Zazzau Kwasau ba. Magaji ya fito bisa doki, ya kashe Razdan nan take, tafintan ma bai tsira ba. Har yau akwai tsauni a Keffi da ake kira da sunan Maloni.

Daga nan sai ya yo arewa, ya iso Kano. A nan labarin ya zama namu. Sarki Alu bai kore shi ba, bai kuma ɓoye shi ba. Ya karɓe shi da girmamawa a bainar jama'a, alhali ya san Nasara na kallo. A ganina wannan karɓa ta fi kisan nauyi, domin ita ce hujjar da Lugga ya riƙe. Rundunar Kanar Molan ta taso daga Zariya, garin da titin da ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi yake kai mu yau, ta fasa Bebeji, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato.

Masu karatun tarihin Turai za su tuna 1942, sa'ad da 'yan gwagwarmayar Cekosulobakiya suka kashe Haidirik, hakimin Hitila a Firag, Jamusawa suka rama da shafe ƙauyen Lidice. Mai mamaya ba ya ƙirga jinin jami'insa da na mutum ɗaya. Sai dai su can shiri aka yi na watanni. Na Magaji abin rana ɗaya ne. Kuma ina da yaƙinin ko babu shi, Turawa za su zo Kano.

Magaji bai miƙa wuya ba. Ya bi Sarkin Musulmi Attahiru a hijirarsa zuwa gabas, suka tsaya a Burmi, a ƙasar Gombe. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka yi yaƙin ƙarshe, Attahiru ya rasu a fagen fama, Magaji ma a nan ya cika. Allah ya jiƙansu.