Guru Nanak

Guru Nanak (1469 zuwa 1539) malamin addini ne kuma mawaƙi daga ƙasar Punjab. Shi ne ya assasa addinin Sikh, kuma shi ne na farko a cikin Guru goma da mabiya addinin suka yarda da su. Kalmar "guru" tana nufin malami ko jagora, ita kuwa "sikh" ta samo asali ne daga kalmar Sanskirit mai ma'anar almajiri. Ya kafa ƙauyen Kartarpur a bakin kogin Ravi, inda ya ƙare rayuwarsa yana noma yana karantarwa.

Farkon rayuwa

An haife shi a 1469 a ƙauyen Talwandi, wanda yanzu ake kira Nankana Sahib, a yammacin Lahore cikin Pakistan. Iyayensa mabiya addinin Hindu ne. Mahaifinsa, Mehta Kalu, shi ne mai lissafin gonaki da harajin ƙauyen, sunan mahaifiyarsa Tripta. Ya auri Sulakhni 'yar garin Batala, suka haifi 'ya'ya maza biyu, Sri Chand da Lakhmi Das.

Yayarsa Nanaki tana aure a Sultanpur, ta dalilin mijinta Nanak ya samu aiki a ma'ajiyar hatsi ta gwamna Daulat Khan Lodi. Tarihin da Sikh suka gada ya ce a can ne wata safiya ya shiga rafin Bein yin wanka, ba a sake ganinsa ba sai bayan kwana uku. Da ya fito sai ya ajiye aiki ya kama wa'azi. Ya yi shekaru masu yawa yana tafiye-tafiye tare da abokinsa Mardana, wani Musulmi mai kiɗa rabab, wani abin kiɗa mai tsirkiya. Littattafan da ake kira janamsakhi sun kai shi har Sri Lanka da Makka da Bagadaza, amma an rubuta su ne shekaru da dama bayan mutuwarsa, don haka masana tarihi suna taka-tsantsan da su.

Zaman Kartarpur

Wajen 1521 ya daina yawo ya zauna a Kartarpur tare da iyalinsa. Sunan haɗin kalmomi biyu ne: kartar, wato Mahalicci, da pur, wato gari. Ya tuɓe tufafin matafiya, ya sa irin na magidanta, ya shiga gona. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da mutane suka saba ganin cewa mai neman Ubangiji sai ya bar gida da mata ya koma daji ko kan dutse. Nanak ya koyar da cewa magidanci mai cin guminsa ba ya buƙatar gudun duniya.

Rayuwar ƙauyen tana da tsari mai sauƙi. Ana tashi kafin gari ya waye a yi wanka, a karanta Japji, waƙar da Nanak ya tsara, sannan kowa ya nufi aikinsa. Da yamma a sake taruwa a rera waƙoƙin yabon Ubangiji. Daga baya aka taƙaita koyarwarsa cikin abubuwa uku: ambaton sunan Ubangiji ɗaya, neman abinci ta halal, da raba abin da aka samu da wasu.

Na ukun ne ya fi fitowa fili. Amfanin gona yana shiga ɗakin girki na kowa da kowa, wanda ake kira langar. Kalmar ta Farisanci ce, kuma zawiyoyin Sufaye sun riga sun san irin wannan ciyarwa. Abin da ya ba ta nauyi a Kartarpur shi ne tsarin asali na ƙasar Indiya, inda ɗan babban gida ba ya cin abin da na ƙasa da shi ya dafa, balle su zauna wuri ɗaya. A langar kuwa kowa a ƙasa yake zama, sahu guda, abinci iri guda. Guru na uku, Amar Das, ya ƙara wa al'adar ƙarfi, kuma har yau da wuya a samu gurdwara, wato wurin ibadar Sikh, ko da a ƙaramin ƙauye ne, wadda ba a ciyarwa a cikinta kyauta.

Waƙoƙinsa 974 suna cikin Guru Granth Sahib, littafin addinin. Ya tsara su da harshen da talakawa ke ji, tsohon Punjabi gauraye da kalmomin Sanskirit da Farisanci da Larabci, kuma misalansa da yawa na garma ne da iri da rijiya.

Magaji da mutuwa

Bai bar wa 'ya'yansa jagoranci ba. Ya zaɓi wani almajirinsa, Lehna, ya raɗa masa suna Angad, mai nufin wani sashe na jikina. Angad ne ya daidaita rubutun Gurmukhi da ake rubuta Punjabi da shi a Indiya. Nanak ya mutu a Kartarpur ranar 22 ga Satumba 1539. Ana ba da labarin cewa Musulmi sun so binne shi, mabiya Hindu sun so ƙona gawar, da aka yaye mayafin sai aka tarar da furanni, aka raba.

Kartarpur bayansa

Ambaliyar Ravi ta cinye tsohon mazaunin, aka kafa garin Dera Baba Nanak a ɗaya gefen kogin. Da aka raba ƙasa a 1947, Kartarpur ta faɗa Pakistan, cikin gundumar Narowal ta yau, Dera Baba Nanak kuma ta zauna a Indiya, mafi yawan Sikh na yammacin Punjab suka yi hijira zuwa gabas. Shekaru da dama masu ziyara daga Indiya sai dai su tsaya a bakin iyaka su hangi gurdwarar da tabarau mai kawo nesa kusa, alhali tazarar ba ta wuce kilomita biyar ba. Ranar 9 ga Nuwamba 2019, gab da bikin cika shekara 550 da haihuwarsa, aka buɗe hanyar da ta ba su damar zuwa ba tare da biza ba.