Abubakar Ar-Razi: Likitan Da Ya Raba Ma'adanai Gida-Gida

Sunansa Abubakar Muhammad ɗan Zakariyya. An haife shi a birnin Rayyu, kusa da Tehran ta yau, wajajen shekara ta 251 bayan Hijira, wato 865 Miladiyya. Kada mai karatu ya haɗa shi da Fakhruddin Ar-Razi mai babban tafsirin nan. Garinsu ɗaya, amma akwai kusan shekara 300 a tsakaninsu.

Da likitanci duniya ta fi saninsa. Ya shugabanci asibitin Rayyu, daga baya na Bagadaza, kuma ya rubuta littafin da ya bambance agana da ƙyanda. Babban kundinsa, Al-Hawi, an fassara shi zuwa Latin a 1279. Sai dai ɗalibin da ke zaune a Wurma ko Kurfi yana fama da haddar jadawalin sinadarai, wani littafin ne na Ar-Razi ya fi shafarsa, wato Sirrul Asrar.

Kafin zamaninsa, masu sana'ar kimiyya sun saba lulluɓe maganarsu da ishara da zaurance. Shi kuwa sai ya bayyana kayan aikinsa dalla-dalla, ya kasa abubuwa uku: na ƙasa, na tsirrai da na dabbobi. Na ƙasa ya sake raba su gida shida. Akwai waɗanda ya kira ruhohi, domin suna tashi idan wuta ta taɓa su, irin su zaiba da farar wuta. Akwai jikkuna bakwai masu narkewa su ƙeru, cikinsu da zinariya, azurfa, jan ƙarfe, baƙin ƙarfe, kuza da dalma. Sai duwatsu, har da kwalli, sai zaj, sai dangin buraƙ, inda ya sanya kanwa, sai gishirori, inda ya sanya gishirin da ake tacewa daga tokar tsirrai, wanda Larabawa ke kira ƙilyu.

Ma'auninsa shi ne abin da ido ya gani da abin da wuta ta nuna. Ma'aunin yau ya fi zurfi. A 1869 Dimitiri Mendelif na Rasha ya jera sinadarai 63 bisa nauyin ƙwayar zarrarsu, sannan a 1913 binciken Henri Mosli ya nuna cewa lambar zarra ce asalin jerin, wato adadin furoton da ke cikin cibiyar ƙwayar. Baƙin ƙarfen Ar-Razi yana da 26, zinariyarsa 79, dalmarsa 82. A yau sinadaran jadawalin 118 ne.

A nan akwai abin lura. Kanwar da uwar gida ke saye a kasuwar Dutsin-Ma da ruwan tokar da take miya da shi, Ar-Razi ya raba musu gida. Jadawali kuwa ya ɗora sodiyom na kanwa, mai lamba 11, daidai saman fotasiyom na toka, mai lamba 19, saboda kowannensu ilektiron ɗaya tak yake da shi a zagayen waje, halinsu ya zo ɗaya. Alamar Na daga naɗrun ta samo asali, K kuma daga ƙilyu: kalmomin da Ar-Razi ya yi aiki da su ne ɗalibi ke rubutawa a takardar jarrabawa ba tare da ya sani ba.

Ya yi kuskure, kuma ba ƙarami ba. Ya gaskata cewa za a iya mayar da dalma zinariya, alhali babu tukunya ko zuga-zugin da zai taɓa adadin furoton. Ya hango cewa jikkuna daga ƙwayoyi marasa rabuwa suke, da sarari a tsakaninsu, amma sai ya gina wa wannan falsafar cewa abubuwa biyar ne ba su da farko. Malamai, cikinsu har da Ibn Hazm, sun yi masa raddi mai tsanani, kuma a wannan fagen gaskiya na tare da su.

A ƙarshen rayuwarsa yana ta rufe masa ido. Ya rasu a Rayyu wajajen shekara ta 313 bayan Hijira, 925 Miladiyya. Fiye da ƙarni guda bayan haka, Al-Biruni ya zauna ya lissafa rubuce-rubucensa, ya samu 184.